'Yan tsakina na ɗaki, sanyi ya shigo, Yaya kuma na jiran kuɗin kaji

Wasiƙar wannan makon daga wani ɗalibi take, yana karatun digiri na biyu a arewacin Ingila, kuma ya roƙi a sakaya sunansa. Ga abin da ya rubuto a taƙaice:

"Ina haya a gida mai ɗan fili a baya. Don rage kewa na sayi ƙaramin injin ƙyanƙyasa, na sa ƙwai 12, takwas suka fito. Yanzu satinsu huɗu, suna cikin kwali a ɗakina, abokin zamana ya fara ƙorafin wari da ƙura, ga Oktoba na ƙarewa. Da na aika wa yayana hotonsu sai ya ce in fitar da su waje kawai, tun da aka haife mu wa ya taɓa kunna wa ɗan tsako fitila? Ya ce in sake zuba ƙwai in riƙa sayar wa mutanenmu kaji, in fara rage masa abin da ya kashe a karatuna. Akwai kuma wani a zaurenmu na WhatsApp da ya ce zai kawo mini ƙwan kajin gida da na zabi a jaka, kuma zai yi mini rajistar kamfani da sunan wani. Ina tsoron su mutu, ina kuma jin nauyin Yaya."

Ƙanena, kajin nan takwas su ne ƙaramar matsalarka, amma da su zan fara, tunda su ne ba za su iya jira ba.

Yayanka bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa. Abin da ya manta shi ne uwa. Ɗan tsakon da kake gani yana bin kaza tun ranar da ya fito, lura da kyau, ba ya daɗewa yana tsattsaga zai koma ya kutsa ƙarƙashin fiffikenta, ya ɗumama, ya sake fitowa. Ita ce fitilarsa. Naka inji ne ya ƙyanƙyashe su, kwana 21 a zafin digiri 37.5, daga nan injin ya gama aikinsa, ragowar aikin uwa ya dawo kanka. Laushin gashin da suke fitowa da shi ba ya riƙe ɗumi. Shi ya sa ake ba su kusan digiri 35 a satin farko, ana rage kamar digiri 3 duk sati. In ka yi lissafi, 'yan sati huɗu suna bukatar wajen digiri 25. Dare a inda kake kuwa, daga Nuwamba, yakan sauko ƙasa da digiri 5, wani lokacin ka tashi ka tarar ciyawa ta yi fari fat. Ka fitar da su a haka, da safe gawa za ka kwashe, a dunƙule a kusurwa guda, na ƙasa sun mutu da danniyar na sama.

Kada ka tsaya ga ƙirga sati kaɗai. Ɗauki guda ɗaya ka duba kai da wuya da ƙarƙashin fiffike, nan ne gashi na gaske ke fitowa a ƙarshe. Muddin kana ganin ragowar laushin nan a ƙeya, ko fata tsirara a gefen ƙirji, lokaci bai yi ba. Yawanci gashi kan cika a sati shida, amma da sanyin da ke tafe ni ba zan bar su su kwana waje ba sai sun kai sati takwas, kuma ba a dare ɗaya ba.

Abokin zamanka ma yana da gaskiya, ƙurar 'yan tsaki ba ta dace da ɗakin kwana ba. In akwai gareji ko rumfar ajiya mai wutar lantarki, mai da su can da abin ɗumamarsu. Na fi son farantin ɗumi, wanda suke shiga ƙarƙashinsa kamar kaza, a kan jan ƙwan fitilar nan da ake ratayewa, don shi in ya faɗo kan dusar katako gobara ce, kai kuma gidan ba naka ba ne. Daga sati na biyar ka riƙa kashe ɗumin da rana, kana kunnawa da dare. Daga na shida, ranar da babu ruwa babu iska, ka fitar da su da tsakar rana awa ɗaya ko biyu a cikin keji mai rufi, kana ƙarawa a hankali. Su da kansu za su gaya maka. Wanda ya ji daɗi yana watsuwa yana tono, kukansa ƙasa-ƙasa. Wanda sanyi ya kama yana tsayawa cik, ya kumbura gashi, ya janye wuya, kukansa mai tsini ba ƙaƙƙautawa. Ka ji wannan kukan, kwashe su.

Akurkin kuma, mutane da yawa a nan suke kuskure. Tsoron sanyi kan sa su toshe ko'ina. Kazar da gashinta ya cika tana jure sanyi fiye da yadda kake zato, abin da ke kashe ta shi ne laima da iskar da ke busa ta kai tsaye. Bar kafar iska a sama, can saman kawunansu, ka rufe ƙasa. Da safe ka shafa cikin rufin da hannunka, in ya jiƙe, to numfashinsu da kashinsu ba sa samun hanyar fita, ƙara buɗewa. Shimfiɗa ta zama busasshiya. Ragar ta zama mai ƙananan ido mai ƙarfi, ƙofa mai sakata, don dila a biranen Ingila ba ya jin kunyar kowa, ɓeraye ma haka. Abinci kuwa sitata, wato na ƙananan 'yan tsaki, har zuwa sati shida ko takwas, sannan girowa, na masu tasowa. Kada ka ba su na masu yin ƙwai tun yanzu, sinadarin ƙarfafa ɓawon da ke cikinsa yana lalata ƙodar ƙananan kaji.

To, yanzu takardu, tunda a ƙasar nan kaza ma tana da nata. Daga 1 ga Oktoba 2024, duk mai kiwon kaji a Ingila, ko guda ɗaya ce a bayan gida, dole ya yi rajista da hukumar lafiyar dabbobi da tsirrai, APHA. Kafin nan sai mai 50 zuwa sama. Kyauta ce, ta intanet, kuma cikin wata guda da samun tsuntsayen ake so a yi, ka ga kai kana bakin gaɓa. Yi yau. Dalilin shi ne murar tsuntsaye, wadda ke ƙaruwa lokacin sanyi idan tsuntsayen daji masu ƙaura suka iso. Idan ta yi tsanani gwamnati kan ba da umarnin a killace kaji ƙarƙashin rufi, kamar yadda aka yi a duk faɗin Ingila daga 7 ga Nuwamba 2022 zuwa 18 ga Afrilu 2023. Saboda haka kafin ka fara fitar da su, duba ko akwai irin wannan umarni a yankinka, kuma ka gina kejin da rufi tun farko. Wani abin da ke ba mutanenmu mamaki, ba kaji ragowar abincin kicin haramun ne a dokar ƙasar. Sannan ka ɗauko takardar hayarka ka karanta, da yawa sun hana ajiye dabba sai da izinin mai gida a rubuce.

Sai babbar maganar. Na san ka san sharuɗɗan bizarka, amma bari in tuna maka da wanda Yaya bai sani ba. Bizar ɗalibi ta ba ka aikin awa 20 a sati lokacin karatu, a ƙarƙashin mai ɗaukar aiki. Ba ta ba ka damar yin sana'ar kanka ko kasuwanci ba, ko na minti ɗaya. Kiwon kaji takwas don sha'awa ba laifi. Ranar da ka sa hoto a zaure ka rubuta "akwai kaji na sayarwa", kuɗi suka fara shigowa asusunka daga mutane daban-daban, ka shiga wani layi. Saɓa sharaɗin biza na iya jawo a soke ta, kuma tabon yana bin mutum a duk neman da zai yi nan gaba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Bayan ka kammala, bizar masu gama karatu ta yarda da sana'ar kai, a lokacin sai a zauna a yi maganar kasuwanci da ido biyu.

Shi kuwa mutumin WhatsApp, toshe lambarsa. Ƙwan ƙyanƙyasa ba tsaraba ba ne, doka tana kallonsa kusan kamar tsuntsu mai rai. Sai da takardar lafiya daga likitan dabbobi na hukuma, daga ƙasar da aka amince da ita, ta mashigar da aka tanada. Jakar fasinja ba ta cikin wannan. Ko da ya tsallake, ƙwan da ya sha girgiza da zafi da sanyi a hanya da wuya ya ƙyanƙyashe, in kuma ya zo da cuta kai za a tambaya, don a gidanka za a same ta. Batun kamfani da sunan wani ya fi muni. Na ga inda irin wannan ya ƙare: yaro ya yi wata da watanni yana wahala, kuɗi na shiga asusun mai sunan, ranar da suka saɓa mai sunan ya riƙe komai, yaron kuma ya kasa kai ƙara don kai ƙarar tona wa kansa asiri ne. Waɗannan dillalan sun san haka sarai, a kan wannan tsoron suke cin abinci. Duk mai ba da shawarar shige da fice a ƙasar nan dole ya zama lauya ko mai rajista da hukumar da ke kula da su. Tambaye shi lambar rajistarsa ka ga yadda zai canza zance. Jami'arka tana da ofishin ɗaliban ƙasashen waje, kyauta suke amsa irin wannan tambayar.

Game da Yaya, ba zan ce ka raina shi ba. Wanda ya cire daga bakinsa ya sa a karatunka ya cancanci girmamawa, kuma bashi ne a wuyanka ko bai kira shi bashi ba. Amma a wannan maganar ina bayanka. Ba daidai ba ne a tura yaro karatu, tun bai kai rabi ba a fara ƙirga masa riba, har hoton 'yan tsakin da ya aiko don a taya shi murna ya koma jari. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu na gida suna ganin duk abin da ya taɓa ƙasar Turai kuɗi ne, mu ma da laifinmu, don ba ma faɗa musu wahalar. Kira shi, ba saƙo ba. Ka ce, "Yaya, dokar takardata ta hana ni saye da sayarwa, in na yi za a iya koro ni, abin da ka kashe ya tafi a banza." Sannan ka yanka masa wani abu da za ka iya daga albashin aikinka na halal, komai ƙanƙantarsa, ka riƙa aikawa a kan lokaci. In ya ƙi fahimta, nemi wani babba a gidan da yake jin maganarsa.

Injin kuma wanke shi ka ajiye sai bazara. Ƙyanƙyasa a bakin hunturu wahala ce ko ga gwanaye. Kuma ka shirya wa abu guda da ba ka ambata ba: a cikin takwas ɗin nan, kusan rabi zakaru ne. Nan da sati biyu za ka gane su, tukkunsu zai riga na sauran girma da ja. In sun kai wata huɗu ko biyar za su fara cara tun kafin asuba, maƙwabci kuma yana da ikon kai ƙarar hayaniya ƙaramar hukuma. Fara neman wanda ke da fili a wajen gari da zai karɓe su, kyauta, ba sayarwa ba.