Kuɗina na cikin ginin, sunana ba ya cikin takarda

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a Kano, ina da aure da 'ya'ya mata biyu. Gidan da muke ciki maigida ne ya sayi fulotin, amma da gini ya kai linta kuɗi suka ƙare masa. Na sayar da sarƙar gwal ɗina da awarwaro, na haɗa da kwasar adashina, aka yi rufi aka sa ƙofofi da tagogi. A lokacin ko rasit ban nema ba, tunda gidanmu ne. Yanzu yana shirin ƙara aure, kuma ƙannensa sun fara cewa "gidan yayanmu" a gabana. Na ce masa a sa sunana a takardar gidan, sai ya yi fushi ya ce ko fatan mutuwa nake yi masa. Daga baya ya sauko ya ce in kwantar da hankalina, zai bar wasiyya, ko kuma ya ba ni gidan kyauta a gaban shaidu. Anti, wanne zan karɓa? Kuma ana iya sa sunan mata da miji a takarda ɗaya kuwa?

Daga wata baiwar Allah, Kano.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki karɓi ko ɗaya daga cikin biyun a matsayin mafita, ko da kuwa da zuciya ɗaya ya faɗa.

Wasiyya dai ba a yi wa magaji, ke kuwa magajiya ce. In ya rubuta, sai sauran magada sun yarda bayan rasuwarsa za ta zartu, kuma kin riga kin ji abin da ƙannen nasa suke faɗa tun yana raye.

Kyautar ce ta fi ruɗar mutane. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'armu suke bi, kyauta ba ta kammala sai wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa kafin mai bayarwa ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali. Malamai kuma sun yi bayani a kan gidan zama musamman: in mace ta ba mijinta gidan da suke ciki, kyauta ta yi, amma in miji ya ba matarsa ya ci gaba da zama a ciki har ya rasu, ba a ɗauka ta karɓa, domin shi ne da alhakin ba ta muhalli, zamanta a ciki ba shaidar mallaka ba ne. Mata da yawa sun tsaya gaban alƙali da shaidu biyu suna cewa "ai ya ba ni", aka mai da gidan cikin gado.

Dubi lissafin in hakan ta faru. Matar da mijinta ya bar 'ya'ya tumuni take samu, ɗaya bisa takwas, kamar yadda ya zo a aya ta 12 ta Suratun Nisa'i. In amarya ta shigo, tumunin nan ne za ku raba biyu. 'Yan matanki su ɗauki biyu bisa uku matuƙar bai bar ɗa namiji ba. In ba ɗa namiji kuma mahaifinsa ba ya raye, saura ya gangara ga 'yan'uwansa. Wato kwanon da gwal ɗinki ya rufa, kowa zai ci a ciki.

Abin da za ki nema shi ne ya amsa cewa kina da kaso a gidan saboda kuɗinki. Wannan ba alfarma ba ce, dukiyar mace tata ce a Musulunci, kuma in an tabbatar da kasonki ana cire shi kafin a fara rabon gado. Ku zauna ku tantance: bashi kika ba shi ko tarayya kuka yi? In bashi ne, adadin nairar da kika bayar kawai za a biya ki, kuma kin san abin da naira ta zama. In tarayya ce, kamar ɗaya bisa uku na gidan, kasonki zai riƙa tashi da darajarsa. Ni tarayya zan zaɓa miki. Tattaro duk abin da ya rage: alat ɗin banki, uwar adashi, mai shagon da ya sayi gwal ɗin, har magini. Lauya ya rubuta yarjejeniya, ku sa hannu da shaidu maza adilai, ɗaya daga danginki, ɗaya daga nasa.

Batun suna biyu a takarda, ana yi. In gidan yana da takardar shaidar mallaka ta gwamnati, dokar filaye ta 1978 ta ce ba a mai da haƙƙin fili ga wani, ko da sashe ne, sai da amincewar gwamna. Don haka lauyan zai shigar da takardar a ofishin filaye, a Kano ta hanyar KANGIS, hukumar da ke adana bayanan filayen jihar, a biya kuɗin da ake biya a yi rajista. Yana ɗaukar lokaci. In kuwa takardar ciniki ce kawai mai sa hannun mai unguwa, aikin ya fi sauƙi: ku nemi ta gwamnati da sunayenku biyu tun farko. A tabbata an rubuta cikakken sunanki da adadin kasonki, ba "Alhaji da iyalinsa" ba, don iyali kowa ne.

Sai yadda za ki tunkare shi. Kada ki haɗa maganar da ta auren da zai ƙara, in kin yi za a ce kishi ne, shi ke nan an rufe babin. Nemi wani babba da yake jin nauyinsa, ko limamin unguwarku, ya tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce a rubuta bashi. Kuma a yi kafin ɗaurin aure.