Anti, shafi uku ne CV ɗina amma shiru

Tambaya: Salam Anti. Na gama digiri a Jami'ar Jos, na yi bautar ƙasa ina koyarwa a wata sakandare, yau wata takwas kenan ina ta tura CV Abuja ko kira ɗaya babu. Shafi uku ne, a wani bizines senta a Taminus aka buga min. Ko'ina sai a ce mai gogewa ake nema, ni kuma a ina zan samo ta? Ƙanwarki daga Unguwar Rogo.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Irin wannan CV na san shi kamar yunwar cikina, na wani aka buɗe a kwamfuta aka goge sunansa aka sa naki, shi ya sa kowa ya zama "mai ƙwazo da riƙon amana", mai ɗaukar aiki kuma ya ga ɗari irinsa kafin azahar. Ki mayar da shi shafi ɗaya. Firamaren da kika yi, addini, aure, duk ki cire. Jiha da ƙaramar hukuma ki bar su sai in aikin gwamnati ne, can ne ake duba rabon jihohi.

Maganar gogewa kuwa, haba ƙanwata, shekara guda kina gaban allo ki ce ba ki da ita? Matsalar dai "NYSC" kawai ake rubutawa a wuce. Ki faɗi abin da kika yi da lamba: aji nawa, ɗalibai nawa, wane darasi, in ke kika haɗa sakamakon jarabawa a Excel ki faɗa. SIWES ɗinki, wato koyon aikin da ake tura ɗalibai ma'aikatu kafin su gama karatu, in kin yi shi ma aiki ne, kai ko shagon Umma kika riƙe kina rubuta shige da ficen kuɗi ki sa, amma don Allah kar ki ƙara gishiri, a intabiyu ake kama mutum.

Kuma ki daina tura guda ɗaya wa kowa. Ki karanta tallar aikin, kalmomin da suka nema in kina da abin ki sa su yadda suke, don wasu manyan kamfanoni manhaja ce ke fara tacewa kafin ɗan Adam ya gani.

Ki tura shi a PDF, fayil ɗin da cikakken sunanki, imel ɗin ma haka, ba irin su gimbiyar wane ba. Wanda za ki sa ya tsaya miki ki kira shi tukun, kar a buga masa waya ya ce wace ce kuma?