Ƙanena, kafin ka yanki tikitin Kumasi saboda idon sawun nan

Saƙonka ya iso. Ka ce tun faɗuwar da ka yi a babur, mai ɗori ya ɗora ƙafar ta warke a karkace, yanzu idon sawu yana cinka, kana so ka zo Kumasi a yi maka aiki, ka kama sana'a a Kejetia, babbar kasuwar garin. Na ji. Amma buri biyu ka haɗa waɗanda ba sa tafiya tare.

Aikina gashin ƙashi ne, ba ni nake yanka ba, sai dai waɗanda aka yi wa aikin a hannuna suke koyon taku. Ciwon gwiwa yawanci shekaru ne ke kawo shi. Na idon sawu kuwa, mafi yawansa tsohuwar karaya ce ko targaɗen da aka raina. Ƙafa ta karkace, nauyin jiki duk ya koma gefe guda, guringuntsin wajen ya riƙa cinyewa.

Aikin da kake nema shi ne a yanka ƙashin ƙwauri daga saman gaɓar idon sawun, a miƙar da shi, a ɗaure da faranti da kusoshi, nauyi ya koma inda guringuntsi ke da sauran lafiya. Akwai kuma ƙarfen zobe na Ilizarob, likitan nan na Rasha, da ake buɗa gaɓar da shi kamar milimita 5, ya yi wata 3 a ƙafa, wayoyi sun huda fata, kullum ana wanke bakinsu. Duk biyun suna da sharaɗi: sai in guringuntsi ya rage. In ƙashi ya riga yana gugar ƙashi ko'ina, sai dai a haɗe gaɓar ta daina lanƙwasa, ko a sa ta roba da ƙarfe.

Don haka ka fara zuwa Asibitin Ƙashi na Dala, ga shi a bakin ƙofarka. A ɗauki hoton ƙafar kana tsaye, ka taka ta sosai. Hoton kwance yana ɓoye karkatar. In kana shan taba ka bari, tana hana ƙashi kamawa. A duba maka suga.

Kumasi akwai ƙwararru a asibitin Komfo Anokye, Akra akwai asibitin Korle Bu. Amma kwana 90 ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ba ka ka zauna a Gana, kuma ƙarfen da za a sa maka ka ɗauka daga aljihunka zai fito, da sidi, kuɗin Gana. Bayan aiki, mako 6 aƙalla ƙafar ba za ta taɓa ƙasa ba. Wa zai yi maka dako a kasuwa? Wa zai ɗauke ka ya tsallake kwatamin unguwar Aboabo da sanduna biyu a hammata?

Abin da ke ci mini rai, an taɓa turo mini wani daga gida. Na ba shi ɗakina, na kwana a tabarma, na tsaya masa. Mako na huɗu ya jefar da sanduna ya shiga turotiro, motar haya ta nan, neman kuɗi. Farantin ya lanƙwashe, aka koma gida ana cewa ni na cuce shi. Lasisin nan nawa da gumi na same shi, a ƙasar da na zo ko gaisuwar Asante ban iya ba. Ba zan sake bari a taka shi haka ba.

Turo mini hoton da takardar likita. In ya ce gaɓar za ta cetu, mu zauna da Baba mu lissafa kuɗin wata 6 na zaman banza tukuna. Ka gaida Inna.