Amsa kan samar da sabon irin wardi a Bauchi

Malam, ka tambaya ko za ka iya haɗa wardi ja da fari da ke gidanka a Bauchi ka samu sabon iri mai fure ɗaya babba a kan dogon reshe. E, zai yiwu, domin ana kyautata zaton ta barbara aka samu wardin La France, wanda wani mai noman wardi mai suna Guillot ya fitar a Faransa a 1867, wanda kuma ake ɗauka shi ne na farko a wannan jinsi mai fure babba a kan dogon reshe. Ka cire sassan namiji na furen uwa kafin ya buɗe, ka shafa masa garin furen uba da sassafe, ka rufe shi da takarda, sannan ka jira wajen wata 4 har 'ya'yan su nuna, ka ciro irin da ke cikinsu.

Sharaɗin da na fi jaddadawa shi ne sanyi, domin irin wardi ba ya tsirowa da kyau sai ya yi sati 6 zuwa 10 a firji cikin yashi mai danshi, kuma hunturunmu bai kai wannan sanyi ba. Na taɓa shuka iri kai tsaye a watan Maris, zafi ya hana ko ɗaya fitowa, abin ya dame ni ƙwarai. Kowane tsiro zai fito daban da iyayensa, saboda haka wanda ya burge ka sai ka rubuta launinsa, ƙamshinsa, yawan ganyen furensa da tsawon reshensa, ka kuma yawaita shi ta hanyar aure kamar yadda ake yi wa mangwaro, domin irinsa ba zai maimaita shi ba.