Tambaya da Amsa: Tausayi ga Wanda Ya Yi Cuta a Wurin Mabiya Maguzancin Zamani na Turai

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aikin kula da walwalar jama'a a wani gari da ke arewacin Ingila. Cikin matan da nake taimaka wa akwai wata Baturiya mai bin addinin Wikka. Shugaban ƙungiyarsu ya ci amanarta, ya karɓi kuɗinta ya hana, sannan ya ɓata mata suna a wurin sauran mabiya. Ta ce mini ba za ta yafe masa ba, amma tana so ta kai inda za ta ji tausayinsa. Ni a sanina tausayi da yafiya tafiyarsu ɗaya. Me addininsu ya ce, kuma yaya zan taimaka mata ba tare da na taɓa abin da addinina ya hana ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Matar nan ba ta rikice ba. Abin da ta faɗa ra'ayi ne da ake samu a cikinsu. A wurinsu yafiya sauke bashi ce, kuma ba a sauke bashi sai an biya ko mai shi ya ga dama. Tausayi kuwa gyaran zuciyar wanda aka cuta ne, ana iya samunsa bashin na nan daram.

Kada ki kwatanta su da Maguzawan ƙasar Kano da Katsina waɗanda suka gaji al'adarsu kaka da kakanni. Su maguzawan zamani na Turai a ƙarni na 20 suka sake gina addinan tsohuwar Turai daga littattafai, tatsuniyoyi da binciken tarihi. Wikka, ɗaya daga cikin rassansu, ta fito fili ne bayan an soke dokar hana maita ta Ingila a 1951, Gerald Gardner, Baturen da ya fito da ita, ya buga littafinsa a kanta a 1954. A ƙidayar 2021, kimanin mutum 74,000 a Ingila da Wales sun rubuta maguzanci a matsayin addininsu, wasu kimanin 13,000 kuma suka rubuta Wikka. Ba su da littafi guda mai tsarki, ba su da shugaba guda, ba su da majalisar da za a kai wa ƙara. Riƙe wannan na ƙarshe, domin shi ne tushen halin da matar take ciki.

Abu biyu 'yan Wikka suka fi jingina da su a maganar tarbiyya. Na farko ƙa'ida ce gajera wadda Doreen Valiente, ɗaya daga cikin jagororin Wikka na farko, ta furta a wani taro a 1964, ma'anarta ita ce ka yi abin da ka so muddin bai cutar da kowa ba. Na biyu wani rubutu ne da ake karantawa a wurin ibada, wanda ita Valiente ta gyara, inda aka jera halaye takwas biyu-biyu. A jerin nan an haɗa tausayi da iko a wuri ɗaya. Ana iya fassara wannan da cewa tausayin wanda ba shi da ikon cewa a'a tsoro ne kawai ya sake riga. Saboda haka babu inda aka umarci mabiyi ya yafe, babu kuma ranar hisabi guda da duka suka yarda da ita da za a ce a bar wa ranar.

Akwai kuma abin da suke kira dokar ninki uku, wato duk abin da ka aikata zai dawo maka sau uku. Raymond Buckland, wanda ya kai Wikka Amurka a shekarun 1960, shi ya fi yaɗa ta, kuma ita kanta Valiente ta nuna shakka a kanta. Ta yi kama da maganarmu cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Amma tana da illa biyu ga wanda aka cuta. Wasu kan juya ta su ce wa mutum tunda wannan ya same ka, kai ka jawo. Wasu kuma kan tsorata shi cewa fushinsa zai dawo masa ninki uku, sai ya haɗiye ya yi shiru. Idan kin ji matar tana cewa wataƙila ita ta jawo wa kanta, daga nan maganar ta fito. Kina iya tambayarta ko ta san cewa ba duk 'yan Wikka ne suka yarda da wannan doka ba.

Wasu rassan maguzancin sun fi Wikka tsauri. Masu bin addinin tsoffin mutanen arewacin Turai, wanda gwamnatin tsibirin Aisilan ta amince da ƙungiyarsu a 1973, suna kallon laifi a matsayin ɓarakar zaman lafiyar jama'a wadda sai an ɗinke. A tsohuwar dokarsu wanda ya yi kisa ko rauni kan biya dangi fansa, kusan kamar diyya a shari'ar Musulunci. Wanda laifinsa ya yi nauyi a kore shi daga ƙasa shekara 3, irin korar da aka yi wa wani mai suna Erik Ja daga Aisilan a wajajen 982 har ya tafi tsibirin Girinlan. Kora ta har abada tana nan, amma sai ga mafi munin laifi. Duruwidawa na zamani kuma, wani reshe da ya ari sunan limaman tsohon addinin Birtaniya da Ailan, kan yi nuni da tsohuwar dokar Ailan, wadda ta ɗora wa wanda ya ji wa wani rauni nauyin jinyarsa: kuɗin mai magani, abinci, da wanda zai riƙe masa aikinsa har ya warke. A duka biyun, rahamar da ake wa mai laifi ita ce a bar masa ƙofar dawowa, bayan ya biya. A ganina wannan ya fi dokar ninki uku amfani ga matar nan, domin ya ba ta abin da za ta auna da ido: ya mayar da kuɗin ko bai mayar ba, ya janye ƙaryar a gaban waɗanda ya faɗa wa ko bai janye ba.

Yanzu ga yadda aikin ke tafiya a wurin waɗanda suka san abin da suke yi. Tsari yana da muhimmanci, kuma yawancin ɓarna daga tsallake matakin farko take zuwa.

Ana farawa da tsaro da haƙƙi, kafin a kunna ko kyandir ɗaya. Ƙungiyar Wikka ƙarama ce, a al'ada ba ta wuce mutum 13, kowace kuma mai cin gashin kanta ce. Wanda ya shiga yakan yi rantsuwar riƙe sirri, kuma shugaban ne ke ɗaga mutum daga daraja ta farko zuwa ta biyu da ta uku. Kin ga idan shugaban ya lalace, mabiyi ba shi da wurin kai kuka, kuma in ya fita ya rasa abokai da wurin ibada a rana ɗaya. Mugun shugaba kan fake da rantsuwar nan. Ki tabbatar matar ta san rantsuwa ta shafi sirrin ibada ne, ba ta hana kai rahoton zamba ga 'yan sanda ba. A reshen Gardner ma haramun ne a karɓi kuɗi don shigar da mutum ko koya masa, don haka mai yiwuwa mutumin ya karya dokar gidansu tun kafin ta ƙasa. Ta tattara shaidar tura kuɗi ta banki da saƙonnin waya. A Ingila da Wales ana bin bashin da bai wuce fam 10,000 ba ta sashen ƙananan ƙararraki na kotu, galibi cikin shekara 6. Wannan ɓangaren aikinki ne tsantsa, babu addini a ciki.

Bayan wannan sai yanke alaƙa. Wani abin da sukan yi shi ne a kafa kyandir biyu a kan faranti mai gishiri ko yashi, ɗaya a madadinta ɗaya a madadinsa, a ɗaura zare tsakaninsu, a faɗi cutar da aka yi dalla-dalla da babbar murya, sannan a yanke zaren da almakashi ko a bari wuta ta cinye shi. Sukan zaɓi kwanakin da wata ke raguwa, bayan daren sha huɗu. Ba sai kin halarta ba, kuma ba na ba ki shawarar ki halarta. Abin da ya shafe ki shi ne abin da ke biyo baya. Yanke zare ba ya aiki idan da daddare tana leƙa shafinsa na Facebook. Ki tambaye ta ko ta toshe lambarsa, ko ta fita daga zauren WhatsApp ɗin ƙungiyar, ko ta gaya wa abokan da suka rage kada su riƙa kawo mata labarinsa.

A nan ne za ki iya jin maganar ɗauri. Wasu kan rubuta sunan mai cutar a takarda, su nannaɗe da baƙin zare ko su daskarar da ita cikin ƙanƙara a firji, da niyyar hana shi cutar da wani. Su kansu suna jayayya a kan halaccinsa, kuma jayayyar ta yi zafi a Fabrairun 2017 lokacin da wasu a Amurka suka shirya irin wannan ɗauri na taron dangi a kan Donald Trump. Masu goyon baya na cewa kariya ce, masu adawa na cewa tauye 'yancin wani ne. Illar da ta fi bayyana ita ce duk lokacin da ta buɗe firji sai ta tuna da shi, wato ta yanke zare ɗaya ta ɗaura wani.

Sai a zo kan tausayin kansa. Abin mamaki, wata dabarar da wasunsu ke amfani da ita aro ce daga addinin Buddha. Mutum ya zauna minti 10 zuwa 15 yana maimaita fatan alheri a zuci, ya fara da kansa, ya koma kan wanda yake ƙauna, sai wanda ba ruwansa da shi kamar mai kanti, daga ƙarshe wanda ya ɓata masa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da babban mai laifin. Ya kamata a yi makonni ana gwadawa a kan maƙwabcin da ke damun mutum da hayaniya kafin a kai ga wanda ya ci amana. Kalmomin ma a zaɓe su da kyau. Idan bakinta ba zai iya cewa ya samu farin ciki ba, kada ta tilasta. Ta ce ya daina cutar da mutane, ya ga abin da ya aikata, abin da ya karkace a cikinsa ya miƙe. Wannan fata ne na gaskiya, kuma bai wanke shi ba. Wasu kan ƙara da abin da suka samo daga masanin halayyar ɗan Adam Carl Jung, wato mutum ya binciki kwaɗayin girma da son juya mutane da ke cikin kansa, don ya gane mai cutar ba dodo ba ne. Yana da amfani, amma ba a farkon rauni ba, domin a lokacin yakan rikiɗe ya zama zargin kai.

Akwai bambancin da ya kamata ki sa wa ido. Binciken Tania Singer da Olga Klimecki a Jamus ya nuna cewa horar da mutum ya ji zafin wani a jikinsa yana ƙara masa ƙunci, alhali horar da shi yi wa wani fatan sauƙi yana ƙara natsuwa, kuma sassan ƙwaƙwalwar da ke aiki a biyun daban ne. Idan ta tashi daga zaman tana kuka saboda wahalar da ya sha yana yaro, tana nema masa uzuri, tana tunanin kiransa, to ta faɗa na farkon ne, kuma shi ke mayar da mutane hannun wanda ya cuce su. Idan kuwa zaman na jawo mata bugun zuciya, rawar jiki ko rashin barci, ta dakata, ki tura ta wurin likitanta ko ƙwararren mai ba da shawara kan raunin zuciya.

Kada ki sa mata wa'adi. Su suna da ma'aunin shekara ɗaya da kwana ɗaya da suke amfani da shi kafin manyan matakai, kuma in ta ce ta ba kanta wannan tsawon, ki karɓa. Ki guji cewa ta yi haƙuri ta bar shi da Allah. A kunnenki ta'aziyya ce, a kunnenta umarni ne da ta yi shiru. Tambayoyin da za su yi miki aiki su ne: me kike so ya biya, me za ki yi in ya ƙi, wa ya rage miki a cikin mutanenki? Idan tana son wanda zai zauna da ita ta fuskar addininta, ƙungiyar Pagan Federation ta mabiya maguzancin zamani, wadda aka kafa a 1971, tana da wakilai a yankunan Birtaniya da masu ziyarar asibitoci da gidajen yari, kina iya haɗa ta da su.

Idan wata rana ta ce tana so su zauna ido da ido, kada a yi a gidan ibadarsu, kada kuma ɗan ƙungiyar ya zama mai shiga tsakani. Akwai tsarin sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka cuta a Ingila, mai horarrun masu jagoranci, kuma sharaɗinsa shi ne mai laifin ya amsa abin da ya yi kafin a haɗa su. Idan har yanzu yana musantawa, a ɗage zaman.