Garban da ke cikin takardar nan kakanka ne

Ɗana, saƙonka ya iso, tare da hoton tsohuwar takardar ƙidaya da ka samo a gidan jikokin mai unguwa. Ka ce ka tarar an rubuta kakanka a ƙarƙashin wani maigidan da ba shi ya haife shi ba, kuma an sa masa Garba alhali kai Abubakar ka sani, har kana tambaya ko akwai abin da manya suka rufe muku. Na yi dariya har sai da tari ya sarƙe ni. Babu wani rufi, al'ada ce ka karanta ba ka gane ta ba.

Na suna mai sauƙi ne. Duk Abubakar Garba ne, kamar yadda Umaru yake Sanda, Usman kuma Shehu. Kakanka ɗan fari ne, uwarsa ba ta taɓa furta sunansa na yanka ba saboda alkunya, balle ga shi sunan surukinta aka mayar masa. Da laƙabin ya tashi, da shi unguwa ta san shi, shi malamin haraji ya ji ya rubuta.

Maganar uba kuwa, riƙo ne. Ana yaye shi aka kai shi gidan wan mahaifinsa, can ya girma, can ya yi noman gandu, shi ne ma ya yi masa auren fari. To ka dubi yadda ake rubutun nan. Malami na zaune kan tabarma a zaure da alƙalami, maigida na lissafo masa mutanensa. Kana tsammanin dattijo zai buɗe baki a gaban jama'a ya ce "wannan ɗan ƙanena ne"? Ai wannan cin fuska ne ga yaron da ƙanen duka. Ɗan ƙanenka ɗanka ne, magana ta ƙare. Ni kaina na kai shekara goma sha biyu kafin in san cewa wadda nake kira Inna a gidanmu goggona ce.

Kuma kada ka yarda da shekarun da ka gani. Abin da ke hannunka ba domin tarihi aka rubuta shi ba, domin kuɗi ne. Ƙidayar 1931 ma a Arewa yawanci daga littattafan haraji aka tattaro ta, shi ya sa mutane suka ɗauki ƙirga da haraji abu guda. Yaro in ya fara tasawa sai a rage masa shekara biyu ko uku don kada a ɗora masa, wani a tura shi ƙauye sai malamai sun wuce. Tsofaffi kuma ba su san shekarar haihuwa da lamba ba, sai dai su ce an haife su bayan zuwan Bature Kano, wato 1903, ko lokacin da jirgin ƙasa ya iso, malami ya ƙiyasta ya sa. Tsoron nan bai saki mutane ba ko a ƙidayar 1952, don haraji bai bar Kano ba sai 1979 da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke shi.

Ka kuma yi mamakin ƙarancin mata da yara a shafin. Matan suna kulle, baƙo ba ya wuce zaure, kuma mutanen wancan zamani ba sa son a ƙirga musu 'ya'ya don gudun baki. In maigida ya ce huɗu, ka iya samun bakwai a tsakar gida.

Kafin ka ƙara zana wani reshe a kwamfutarka, ka je wurin kakarka tun tana da sauran tunawa. Ka riƙe mata goro da turare. Kada ka ce ta faɗi sunan mijinta, ba za ta faɗa ba ko yau da ya shekara talatin a ƙasa. Ka ce mata, "Malam a gidan wa ya tashi?" sannan ka gyara zama, don sai la'asar za ta sake ka.