Babur mai kai biyu: amsa daga Sinnar zuwa Kano

Malam, ka tambaya me ya sa dattawanmu na Sudan ke cewa sun hau babur zuwa Bur Sudan, tashar jiragen ruwa ta bakin Bahar Maliya. Ba mashin suke nufi ba. A bakinmu babur shi ne kan jirgin ƙasa mai tururi, jirgin gaba ɗaya kuma gatar, tasha mahaɗɗa. Mai hura wuta atashji ne, masu gyaran dogo kuwa darisa. Larabcin Sudan ne ya shiga Hausarmu, don tun da dogo ya kai Al-Ubayyid wajen 1912, alhazan da suka tako daga Kano da Borno a can suke fara ganin jirgi. Da yawa sukan tsaya Jazira, yankin noman auduga, su yi tsinka har kuɗin tikiti ya haɗu, wasu kuma tsayuwar ke nan, suka zauna a Mai Wurno da kewayen Sinnar.

Wanda ya fi ban mamaki a cikin baburan shi ne Garratt, aji 250. Kamfanin Beyer Peacock na Mancesta ya ƙera guda 10 a 1936 da 1937. Faɗin dogonmu ɗaya ne da na tsohon dogonku, ƙafa 3 da inci 6, kuma ku ma kun yi Garratt a Nijeriya, sai dai tsarin ƙafafun jirgin, wato tayoyinsa, ya bambanta.

Ƙirarsa kashi uku ce. Inji a gaba ɗauke da tankin ruwa, inji a baya ɗauke da makamashi da ƙarin ruwa, tukunya kuma tana rataye tsakaninsu a kan gado, kamar mutum biyu sun ɗauko tulu a sanda. Injinan nan biyu su suka sa shi zama mai kai biyu. Ana rubuta ƙafafunsa 4-6-4+4-6-4: kowane inji yana da ƙanana 4 a gaba, manya 6 masu ja, ƙanana 4 a baya. Jimla 28. Ba ado ba ne. Ƙarfen dogon Sudan na wancan lokaci siriri ne, wani laba 50 kacal a kowane yadi, in aka tara masa nauyi wuri ɗaya sai ya lanƙwashe. Raba nauyin a kan sanduna 14 masu haɗa ƙafafun biyu-biyu shi ya ba babban kai damar bin ƙaramin dogo, ya kuma ɗauki ruwa mai yawa, abin da ya fi komai tsada tsakanin Atbara da duwatsun Bahar Maliya. Tunda babu ƙafa a ƙarƙashin tukunyar, an samu sararin yin murhu mai faɗi da zurfi. Yana kuma tafiya gaba ko baya ba sai an juya shi ba.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Tururi yakan bi bututu daga tukunya zuwa injinan biyu, kuma dole bututun ya kasance da gaɓoɓi masu juyawa saboda kwana. Nan yashi ke shiga in habub, wato guguwar yashi, ta taso, ya ci gaɓar, sai ka ga farin tururi yana fita ta ƙasa, ƙarfi na raguwa. Na biyu, nauyin ruwan tanki shi ke danne ƙafafun ja. In ruwa ya yi ƙasa a kan hawa, ƙafa sai ta riƙa sulɓi a wuri ɗaya, sai direba ya rage tururi ya saki busasshen yashi a kan dogo.

Aikin atashji ya wuce zuba wuta. Idonsa na kan kwalbar duba ruwa. In ruwa ya sauka har rufin murhu ya fito fili, toshiyar darma da ke rufin za ta narke, tururi ya feso cikin murhu, alamar a kashe wuta nan take kafin ƙarfe ya yi laushi. Abin da ke tura ruwa cikin tukunya kuma da tururi yake aiki, yana bukatar ruwa mai sanyi. In rana ta dafa tanki sai ya ƙi kamawa, ya yi ta zubarwa ƙasa. Ruwan rijiya mai gishiri yana barin farin ɓawo a jikin bututun wuta, ɓawon ya hana zafi ratsawa, bututu ya ƙone ya fara yoyo. Maganinsa wanke tukunya a kai a kai. Babban gyara kuwa sai Atbara, wadda 'yan Sudan ke wa kirari da garin ƙarfe da wuta.

Garratt bai daɗe a wurinmu ba. A 1949 aka sayar da goman duka ga Rodeshiya, wato Zimbabuwe ta yau, daga can suka wuce Mozambik a 1964. Saboda haka in alhajin da ya zo bayan 'yancin Sudan na 1956 ya ce maka ya hau babur, mai kai ɗaya ya hau, mai yiwuwa aji 500 na kamfanin North British da ke Gilasgo, wanda aka kawo 42 a tsakiyar shekarun 1950.